Allon koci mai maganaɗisu: ya iya jera mutum biyar, bai san da sauran bakwai ba

Allon da nake magana a kai irin mai naɗewa gida biyu ne, bangonsa baƙar leda mai kama da fata. In ka buɗe, filin ƙwallon kwando cikakke yana hannun dama, rabin fili yana hagu. Yana zuwa da 'ya'yan maganaɗisu goma sha ɗaya masu girman 'ya'yan dara, ja biyar, shuɗi biyar, da ƙarami ɗaya mai ruwan goro a madadin ƙwallo, sai alƙalamin da ake gogewa guda ɗaya mai ɗan soso a hularsa. Babu sunan kamfani a jikinsa, rubutun kwalin ma na Sin ne. A wani shagon kayan wasanni na babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, na same shi. Mai shagon ya sa sefa 12,000, muka daidaita a 8,500. Ya ce daga Duwala ake kawo masa, kuma na ƙwallon ƙafa aka fi nema, na kwando sai jefi-jefi.

Ina horar da ƙungiyar samari ta wata makarantar gaba da sakandare a nan Garwa, aikin sa kai ne bayan na tashi daga koyarwa. Allon nan ya sha sanyin Disamba da zafin Afrilu a hammatana, don haka abin da zan faɗa ganau ne. Ya cancanci kuɗinsa ga mai son nuna wa yara inda za su tsaya da inda za su ruga. Amma aikin da ya fi hana koci barci, wato raba mintunan wasa tsakanin 'yan wasa goma sha biyu, wanda ya ƙera allon ko tunaninsa bai yi ba.

Bari in fara da alherinsa. A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, da muke wasa da ita, hutun da koci ke nema minti ɗaya ne tak, biyu kafin hutun rabin lokaci, uku bayansa. Kafin yara su iso benci, su kurɓi ruwa, haki ya lafa, rabin mintin ya tafi. Ƙungiyata kuwa baki uku take ji. Akwai 'yan Hausare da Yalwa da muke Hausa da su, akwai waɗanda Fulatanci ya fi zama a bakinsu, akwai ɗalibai biyu daga Cadi, ɗaya ɗan Mundu ɗaya ɗan Bongor, waɗanda sai da Faransanci. In na ce zan yi bayani da baki, alƙali zai busa usur ban kai rabi ba.

Wata ranar Asabar wata ƙungiya ta zo mana daga Gaundare, suka toshe ƙarƙashin kwando da mutum uku, biyu a gaba, suka bar mu muna ta jifa daga nesa ƙwallo tana ƙin shiga. Na nemi hutu, na durƙusa, na ɗora allon a gwiwa. Na jawo shuɗi mai lamba 5 zuwa layin jifan kyauta, tsakiyar su ke nan, na tura lamba 2 can kusurwar dama, na ja kibiya daga lamba 4 ta bi layin baya. Na ɗauki ƙaramar ƙwallon na manna ta a jikin lamba 5, na dubi dogon yaronmu na ce, "Kai ne nan. In suka taso maka, bayanka a buɗe yake." Ɗan Bongor bai ji Hausar ba, amma ya ga kibiyar, ya buga ƙirji alamar ya gane tasa ce. Sau biyu a jere ya karɓi ƙwallo a ƙarƙashin kwando ba kowa a kansa. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗina.

Yana da sauƙin ɗauka, yana shiga jakar baya tare da usur da famfon ƙwallo, kuma bangon ya jure faɗuwa daga kan babur a hanyar Rumde Ajiya ba tare da ƙarfen ciki ya lanƙwashe ba.

Sai ƙananan aibobi, waɗanda yanayin garinmu ya tona. Alƙalamin da ya zo da shi bai wuce watan Maris ba. Duk wanda ya san Garwa ya san yadda zafi ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu, to in ka bar hular a buɗe na tsawon zango ɗaya na wasa, wato minti goma, bakin ya bushe ƙamas. Tawadar kuma in ta kwana a allon, ko rana ta gasa ta a bakin fili, soson ba ya iya ɗauke ta, sai da alkol na kantin magani da ɗan ƙyalle. Lokacin hunturu ƙura kan kwanta a fuskar, in ka goge da ƙarfi sai ta kakkarce, tawada ta riƙa maƙalewa a cikin karcen. Lambobin da ke kan 'ya'yan takarda ce aka manna, gumin yatsa ya ɓanɓare su ɗaya bayan ɗaya. Maganaɗisun ma ba shi da ƙarfi sosai: in allon yana kwance lafiya lau, in ka ɗaga shi tsaye don na baya su gani, wani ya ɗan buge hannunka, sai ka ga ja biyu suna gangarawa ƙarƙashin benci.

Wanda ya fi waɗannan damuna shi ne zanen filin, tsohon yayi ne. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwando an zana shi da faɗin gindi da tsukakken kai, irin wanda FIBA ta bari tun 2010, shekarar da ta miƙe gefunansa, ta matsar da layin maki uku daga mita 6.25 zuwa 6.75, ta kuma ƙara 'yar rabin da'irar nan ta ƙarƙashin kwando. Duk babu su a allon. Wani zai ce ai zane ne kawai. To, yaron da bai fi shekara biyu da fara wasa ba, inda ka ajiye masa ɗan maganaɗisu nan zai je ya tsaya, kuma taku ɗaya ne tsakanin tsayawa daidai da a busa masa laifin wuce daƙiƙa uku a cikin ɗakin. Da alƙalami marar gogewa da rula na gyara nawa.

Yanzu ga ainihin maganar. Wasa minti 40 ne, ko a kasa shi zango huɗu goma-goma yadda muke yi, ko biyu ashirin-ashirin yadda maza ke yi a jami'o'in Amurka. Mutum biyar ne a fili kowane lokaci, minti 200 ke nan a hannun koci, kuma sunaye goma sha biyu ake rubutawa a takardar wasa. Canji ba shi da iyaka, wanda ya fita yana iya dawowa. Don haka tambayar da ke gabana daren jajibirin wasa ba ta tsaya a su wa za su fara ba. Wa zai huta a minti na shida? Wa zai riƙe ƙwallo in mai rabawa ya zauna? Wa zai tare dogonsu in namu ya yi laifi uku kafin hutun rabin lokaci? Su wa za su kasance a fili a minti biyar na ƙarshe? Allon nan ba shi da gurbi ko ɗaya na waɗannan. 'Ya'ya biyar ya ba ka masu lamba 1 zuwa 5, ya ba ka fili biyu, shi ke nan. Rabin filin da ke hagu ma maimaici ne, duk abin da za ka zana a can za ka iya zana shi a dama.

Kuma wannan rashi yana da illa a zuciyar yara. Tun ranar da na fara buɗe allon a atisaye, idon kowa ya koma kan 'ya'yan nan biyar. Wanda na kira sunansa ina taɓa ɗayansu ya zama mutum, sauran bakwai suka ɗauki kansu 'yan rakiya. Alhali duk wanda ke bin wasan jami'o'in Amurka ya san farawa da ɗaukar nauyin wasa ba lallai su haɗu a kan mutum ɗaya ba. Ɗan ƙasarmu Joel Embiid, haifaffen Yawunde, da ya isa jami'ar Kansas a 2013 daga benci ya riƙa tasowa a wasannin farko, koci Bill Self yana farawa da Tarik Black wanda ya girme shi kuma ya fi shi gogewa. A wasa 28 da ya buga a kakar, 20 ya fara, mintunansa kuma ba su wuce 23 da ɗoriya a kowane wasa ba. Duk da haka shi aka ɗauka na uku a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2014 na NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ya kuma zama gwarzon gasar a 2023. Pascal Siakam na Duwala, shi ma tauraron NBA, shekararsa ta farko a jami'ar New Mexico State ko wasa ɗaya bai buga ba. Devin Booker, wani tauraron NBA, bai fara wasa ko ɗaya ba a jami'ar Kentucky. A wasan ƙarshe na gasar jami'o'in ta 2018 kuwa, da Villanova ta doke Michigan 79 da 62, Donte DiVincenzo daga benci ya taso ya ci maki 31, shi aka ba kyautar gwarzo. Ina ba yarana waɗannan labarai, suna saurara, amma da na buɗe allo sai idonsu ya sake komawa kan biyar ɗin nan.

Da kaina na yi wa allon abin da ya rasa. Na je wurin masu rubuta allon talla na sayi farar leda mai gam, na rufe rabin filin hagu gaba ɗaya. Na ja layi goma sha biyu a kwance, kowane ɗan wasa da nasa, da layi takwas a tsaye, kowane gida minti biyar, sai siririn gida a ƙarshe na ƙirga laifi. Dokar jadawalin ɗaya ce: kowane layin tsaye dole a samu alama biyar, ba huɗu ba, ba shida ba. Gidaje arba'in ke nan za ka raba. Sannan na sayi ƙananan maganaɗisu wurin mai gyaran rediyo, na manna su da gam a cikin marafan kwalba, na rubuta lambobin rigunanmu daga 4 zuwa 15. Yanzu kowane yaro yana da ɗansa, waɗanda ba sa fili suna jere a gefen allon inda kowa ke ganinsu. Duka gyaran bai kai sefa 2,000 ba, abin da ya sa nake ganin kamfanin ba shi da uzuri.

Rabon da na fi yi a wasa mai zafi shi ne mutum uku gida shida-shida, wato minti 30, ɗaya gida biyar, uku gida huɗu-huɗu, ɗaya gida uku, ɗaya gida biyu. Mutum tara, minti 200 cif. Ba a bin sa sau da ƙafa, wasa yakan zo da nasa, amma in ka kauce ka san daga ina ka kauce kuma wa ke bin ka bashi. Abu ɗaya da ba na yarda jadawalin ya nuna shi ne gidan da mai raba ƙwallo da dogon ƙarƙashin kwando suka zauna tare. Ɗaya ya huta, ɗaya ya riƙe gida. Na san koci John Calipari ya gwada fitar da biyar ya shigar da biyar a Kentucky a kakar 2014 zuwa 2015, suka ci wasa 38 a jere kafin Wisconsin ta tsayar da su a wasan kusa da na ƙarshe. Amma shi yana da mutum goma da kusan kowannensu zai fara a wata jami'ar, har Karl-Anthony Towns da aka ɗauka na ɗaya a NBA minti 21 kawai yake samu. Ni da nake da masu iya riƙe ƙwallo biyu da rabi, in na kwaikwaye shi zango ɗaya ya isa a gama da mu.

Ranar da jadawalin ya fi yi mini amfani ba a fili ba ne. Kyaftin ɗinmu ɗan shekarar ƙarshe ne, shi ya fi kowa hannun jifa daga nesa, kuma na yanke shawarar ya daina farawa. Dalilina shi ne duk lokacin da na fara canji a ƙarshen zangon farko, maki kan tsaya cak, don masu ci duk sun gaji tare. Ina son mai ci ɗaya ya shigo da sabon ƙarfi daidai lokacin da abokan hamayya ke shigo da na bencinsu. Bayan atisaye, ana kiran magariba, ya tsaya har kowa ya watse. Ya zo ya rage tsawo a gefen benci, yana murza igiyar takalminsa, ya ce, "Malam, in wani laifi na yi a faɗa mini. Yayana zai zo kallo ranar Asabar, me zan ce masa?"

Na buɗe allon na juya masa ɓangaren hagu. Na ce, "Kyaftin, nemo lambarka ka ƙirga." Ya bi layin da yatsa, gida biyar. "Ƙirga na wanda zai fara a gurbinka." Gida uku. "Dubi gidaje biyu na ƙarshe, wa ke ciki?" Ya yi shiru yana kallo, sannan ya ce, "Ashe ni zan rufe." Na ce masa shi zai rufe, kuma ya gaya wa yayansa kada ya tashi kafin a tashi. Bai ji daɗi ɗari bisa ɗari ba, matashi ne, kuma a garinmu a kira sunanka cikin biyar na farko gaban 'yan unguwarku ba ƙaramin abu ba ne. Amma ya tafi da lissafi a hannu maimakon zargi a zuciya. Da 'ya'ya biyar na asalin allon kaɗai nake da su, abin da zan iya nuna masa kawai shi ne an ba wani gurbinsa.

Gidan ƙirga laifi shi ma ya zama dole. Laifi biyar ke fitar da ɗan wasa, a wurinmu da jami'o'in Amurka duka. Koci da yawa a can suna zaunar da duk wanda ya yi biyu kafin hutun rabin lokaci har sai an dawo. Ni ban bin wannan ido rufe. Mai raba ƙwallonmu yana da natsuwa, da laifi biyu nakan bar shi ya ci gaba. Dogonmu kuwa, ɗan shekarar farko da ke tsalle wa kowace ƙwallo, yana yin na biyu nake jawo shi, don na san na uku yana tafe cikin minti ɗaya. Teburin alƙalai a ƙananan wasanninmu ba kullum ake ɗaga alamar laifi a kan lokaci ba, saboda haka ɗalibin da ke taimaka mini yana riƙe da alƙalami, ana busawa yana ɗigawa.

Da azumi ya faɗo cikin zafin Maris sai na sake jadawalin gaba ɗaya. Fiye da rabin yarana suna azumi, sauran Kiristoci ne. Filinmu siminti ne ba rufi, bayan la'asar ma yana huci har cikin takalmi. A atisaye da wasannin sada zumunci na watan, ba mai azumin da na bari ya yi gida biyu a jere, kuma 'yan Cadin nan biyu da wani ɗan Kaele suka ɗauki mintunan da ba su saba samu ba. A nan ne na gano ɗan Mundu ya iya tare mai raba ƙwallon abokan hamayya tun daga tsakiyar fili, abin da minti goman da nake ba shi a da bai isa ya nuna ba. Bayan salla ya koma gida huɗu.

Saura mutum uku da layinsu kan zauna fari a wasa mai zafi. Wannan yana ci mini rai, don su ma suna zuwa atisaye, wani daga Jambutu yake takowa in bai samu kuɗin babur ba. Jadawalin bai ba su minti ba, amma ya hana ni mantawa da su, tunda farin layin yana gabana duk lokacin da na buɗe allon. Na yi musu alkawari a gaban kowa: in tazara ta kai maki goma sha biyar a zangon ƙarshe, ko mu ke gaba ko mu ke baya, su za su shiga, kuma a wasan sada zumunci kowannensu yana da gida biyu tun kafin hutun rabin lokaci, lokacin da wasa ke da rai.

Wa ya kamata ya saya? Malamin wasanni na lise, wato sakandare, da ke shirya yara don gasar makarantu ta FENASSCO, ko kocin unguwa mai koya wa ƙanana tsayuwa, zai more shi yadda yake, don a matakin nan inda yaro zai tsaya shi ne rabin karatun. Mai riƙe da ƙungiyar manya, irin masu shirin wasannin jami'o'i, ya saya da niyyar zai yi masa aiki, ko ya haɗa da littafin rubutu. Akwai manhajojin waya masu ƙirga mintuna, na ga wani abokin aiki da ita, amma a hasken ranar Garwa fuskar waya ba ta ganuwa, kuma mutum goma sha biyu ba sa iya leƙa ta lokaci ɗaya.

In za ka saya, buɗe kwalin tun a shago. Jera 'ya'yan duka, ɗaga allon tsaye ka girgiza shi sau biyu, in sun zame nemi wani. Ja layi da alƙalamin ka bar shi ya sha iska kafin ka goge, ka ga ko fuskar tana riƙe tawada. Duba maɗaurin tsakiya, don nan ne nawa ya fara tsagewa har na ɗaure shi da salatif mai faɗi. Sayi alƙalami biyu na daban a kantin littattafai, baƙi da ja, ka riƙa ajiye su cikin jaka ba a kan benci ba. In kuma ɗakin ƙarƙashin kwandon mai faɗin gindi ne irin na kafin 2010, nuna wa mai shagon ka nemi ragi, tunda kai za ka zauna da rula ka gyara.